Tarihin Haihuwa a Ƙasar Inuit: Yadda Aka Ɗauke Ta Daga Gida da Gwagwarmayar Dawo da Ita

Asali

A can ƙuryar arewacin duniya, inda itace ba ya tsirowa, inda a wasu sassa rana kan yi makonni ba ta leƙo ba idan hunturu ya tsananta, nan al'ummar Inuit take zaune. Masu tonon kufai sun nuna cewa kakanninsu sun taso ne daga gaɓar Alaska tsakanin shekara ta 1000 da ta 1300 miladiyya, suka nausa gabas suna bin dabbobin teku, har suka cika arewacin Kanada ta yau, wasu suka tsallaka Girinlan. Ƙidayar da Kanada ta yi a 2021 ta sami 'yan Inuit 70,000 da 'yan kai, mafi yawansu a yankuna huɗu: Inuvialuit a yamma, Nunavut a tsakiya, Nunavik a arewacin lardin Kebek, sai Nunatsiavut a Labrado. Duk ƙarnonin da suka yi a wannan ƙasa kafin Bature ya kafa ƙafarsa, kowane jariri nasu a hannun danginsa yake faɗowa, cikin ɗakin ƙanƙara idan hunturu ne, cikin tantin fata idan ƙanƙara ta narke.

Tatsuniyoyinsu sun taɓo mafarin haihuwa. An ce a farkon zamani mata ba su san ɗaukar ciki ba. Wai ƙasa ce ke fitar da jarirai, mace ta fita ta tsinto, kuma wai 'ya mace a kusa da sansani ake samunta, ɗa namiji kuwa sai an yi nisa. Wannan labarin baka ne da aka ji daga dattawan yankin Igloolik, ba tarihi ba ne. Amma ya nuna yadda Inuit suke ƙulla yaro da ƙasar da aka haife shi a kanta, kuma wannan ƙulli zai sake tasowa a rigingimun ƙarni na 20.

Rubutun farko-farko daga alƙalamin baƙi ya fito. Knud Rasmussen, haifaffen Girinlan mai jinin Danmak da na Inuit, ya ratsa yankunan tsakiya daga 1921 zuwa 1924, ya ba da labarin cewa a wasu wurare akan gina wa mai naƙuda ɗan ɗakinta daban, kuma dokokin tsarki kan sa ta haihu ita kaɗai. Sai a farkon shekarun 1990, da Pauktuutit, ƙungiyar matan Inuit ta Kanada, ta bi ƙauyuka tana naɗar bayanan tsofaffi, aka ji abin da baƙo namiji bai samu gani ba. Al'ada ta bambanta daga yanki zuwa yanki. A wurare da yawa mata biyu ko uku ke kewaye mai naƙuda, ɗaya ta riƙe ta ta baya, ɗaya ta jira jariri, ita kuwa tana durƙushe ko tsugune. Idan haihuwa ta zo ana kan hanyar farauta, miji ne ungozoma. Wasu tsofaffin sun faɗi yadda suke gyara kwanciyar jariri da hannu tun yana ciki, da yadda suke fitar da mabiyiya idan ta maƙale. Yarinya kan koyi duk wannan ne da ido, tana tsaye kusa da uwa ko kaka.

Mai ciki tana da dokokinta. Da ta farka da safe sai ta miƙe ta fita waje ba tare da nawa ba, kada ta tsaya a bakin ƙofa, kada ta yi ta kwanciya da rana. Dalilin da ake faɗa mata shi ne wai jariri yana kwaikwayon uwarsa, idan ta saba fita da sauri shi ma zai fito da sauri. Ko ma mene ne gaskiyar dalilin, dokar ta sa mace ta kai watan haihuwa da ƙarfin jikinta, kuma idon tsofaffi yana kanta kullum.

Wadda ta fi kowa daraja a ɗakin haihuwa a Nunavik ita ce sanaji, mai yanke cibiya ta ɗaure da jijiyar dabba, ta sa wa jariri suturarsa ta farko, ta yi masa fatan halin da ake so ya tashi da shi. Yaron ya zama angusiaq ɗinta idan namiji ne, arnaliaq idan mace ce. Bahaushe ya san ungozoma mai yanke cibi, ya san ana fitar mata da rabonta ranar suna, amma a Nunavik wannan zumunci har mutuwa ne. Ranar da yaro ya kashe dabbarsa ta farko, sanaji yake kai wa. Ranar da yarinya ta gama ɗinkinta na farko, ita take miƙa wa. Haihuwa ɗaya takan ƙulla gidaje biyu shekaru hamsin.

Sai batun suna, wanda suke kira atiq. A imaninsu na dā suna yana ɗauke da wani sashe na ruhin mai shi, don haka idan aka sa wa jaririya sunan kakanta da ya rasu, uwarta kan kira ta baba, kuma akan yi mata tarbiyya da wannan a zuci. Masanin al'adu Bernard Saladin d'Anglure, wanda ya daɗe yana bincike a Nunavik da Igloolik, ya rubuta wani imani nasu da ake kira sipiniq: wai jariri kan sauya jinsi a daidai lokacin fitowa, galibi daga namiji zuwa mace. Haka kuma ba da riƙo ya zama ruwan dare tun dā. Mace kan haihu ta miƙa jaririn ga 'yar'uwarta ko uwarta ko wadda ba ta samu haihuwa ba, kowa ya san uwar da ta haifa, ba a ɓoye wa yaro komai.

Kada a ɗauka zamanin duk daɗi ne. Mata sun mutu da zubar jini, jarirai sun mutu da sanyi da yunwa, kuma tsofaffin da kansu ba su ɓoye wannan ba. Abin da ba a musu shi ne ilimin nasu ne, hukuncin ma nasu ne.

1670 zuwa 1939: fatake da 'yan mishan

An kafa kamfanin cinikin fata na Hudson's Bay a 1670, amma ya daɗe kafin ya zauna sosai a ƙasar Inuit. Sai a 1830 ya buɗe kanti a Fort Chimo, wato Kuujjuaq ta yau. 'Yan mishan na ɗariƙar Morabiya sun riga shi zama a Labrado, inda suka kafa Nain a 1771, kuma Edmund Peck na cocin Ingila ya iso gaɓar tekun Hudson a 1876. Da Kiristanci ya bazu, dokokin tsarki na haihuwa suka yi ta zubewa, sunayen Baibul suka shigo suka zauna kusa da atiq. Cututtukan baƙi ma suka shigo. Murar 1918 kaɗai ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na Inuit ɗin Labrado, ta kusa share garin Okak. Coci-coci suka gina ƙananan asibitoci a Pangnirtung da Chesterfield Inlet a farkon shekarun 1930. Duk da haka, a wannan dogon zamani haihuwa ba ta bar hannun mata ba, domin jama'a suna warwatse a sansanonin farauta, kuma gwamnati ba ta damu da su ba.

1939 zuwa 1969: gwamnati ta iso

A 1939 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci cewa alhakin Inuit yana wuyan gwamnatin tarayya. Daga 1941 aka fara raba musu wani ɗan faifai mai lamba da ake ratayawa a wuya, saboda jami'ai sun kasa rubuta sunayensu. Mutanen da suna ya zame musu ruhi, sai ga su a takardun hukuma sun koma harafi da lamba. A 1945 aka soma biyan kuɗin tallafin yara, wanda ya sa dole a yi rajistar kowace haihuwa wurin ɗan sanda ko mai kanti. Yaƙin cacar baka ya kawo tashoshin rada da filayen jirgi a tsakiyar shekarun 1950. A 1953 da 1955 aka kwashi iyalai daga Inukjuak aka kai su Resolute da Grise Fiord, can arewa mai tsananin duhu. Makarantu da tallafi da kashe karnukan ja suka haɗu suka tattara mutane a garuruwa.

Abin da ya fi shafar tarihin haihuwa shi ne tarin fuka. Daga 1950 zuwa 1969 jirgin ruwan C.D. Howe yana zagaya ƙauyuka kowace shekara yana ɗaukar hoton ƙirji. Wanda aka ga alamar cuta a jikinsa ba ya komawa tudu ko sallama ya yi. Uwa kan miƙa jaririnta ga wanda ke kusa, jirgi ya tashi da ita. A tsakiyar shekarun 1950 asibitin masu tarin fuka na Hamilton, a lardin Ontariyo, ya tara 'yan Inuit fiye da kowane gari nasu na arewa. Wasu sun yi shekaru, wasu sun mutu an binne su ba a sanar da dangi ba. Sai a ranar 8 ga Maris 2019 Firaminista Justin Trudeau ya je Iqaluit ya nemi gafara. Daga wannan zamani ne hukuma ta saba da ɗauke mara lafiya zuwa kudu, su kuma Inuit suka koyi cewa umarnin likita ba a ja da shi.

A daidai lokacin aka yi ta buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a garuruwa. Kanada ba ta horar da isassun ungozomomi a wancan zamani, sai ta ɗauko nas-nas masu ilimin ungozoma daga Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan. Aka matsa wa mata su daina haihuwa a tanti su zo wurin nas. Wasu tsofaffin ungozomomi sun ba da labarin cewa an tsorata su da hukuma idan suka sake karɓar haihuwa. Duk da haka mace tana haihuwa a garinsu, uwarta tana bakin ƙofa, wani lokaci ma nas mai hankali takan bar tsohuwa ta shigo.

1970 zuwa 1985: zamanin jirgi

Da farko masu cikin da ake tsoron matsala kaɗai ake kwashewa: mai cikin fari, mai haihuwa ta biyar ko fiye, mai hawan jini. A hankali jerin ya yi ta tsawo. Nas-nas 'yan ƙasar waje suka ragu, 'yan Kanada da suka maye gurbinsu ba su koyi karɓar haihuwa ba, jiragen sama suka yawaita, likitocin kudu kuma suka tsaya kan cewa kowace haihuwa sai kusa da ɗakin tiyata. Zuwa farkon shekarun 1980 doka ta zama ɗaya ga kowa. Da ciki ya kai mako 36 zuwa 38, sai mace ta hau jirgi. Matan yankin Keewatin, wato Kivalliq ta yau, a kai su Churchill ko Winnipeg, a lardin Manitoba. Na gaɓar Hudson a Nunavik a kai su Moose Factory ko Montiriyal. Na tsibirin Baffin su tafi Frobisher Bay, wadda ta zama Iqaluit. Na yamma su tafi Yellowknife.

Hukuma tana da hujjarta, kuma adalci ne a faɗe ta. Mutuwar jarirai a arewa ta ninka ta kudu sau da yawa, kuma ta sauka a waɗannan shekaru. Sai dai a shekarun ne kuma rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta da gidaje masu ɗumi suka iso, don haka ba daidai ba ne a jingina wa jirgi dukkan nasarar. Asarar da jirgin ya jawo kuwa babu wanda ya sa ta a lissafi.

Ga yadda abin yake. Mace ta bar yara ƙanana a gida, ta yi mako uku ko huɗu ko shida a masaukin marasa lafiya, cikin garin da ba ta jin harshensa, tana cin abincin da cikinta bai saba da shi ba, babu naman barewar karibu, babu kifin da ta tashi da shi. Miji ya kasa fita farauta saboda reno. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta yi naƙudar fari tsakanin baƙi, a kwance rigingine, babu mai ce mata sannu da harshen uwarta. Babu sanaji, domin wanda ya yanke cibiyar ma'aikaci ne da ba za a sake ganinsa ba. Masu bincike Patricia Kaufert da John O'Neil, da suka yi aiki a Keewatin a shekarun 1980, sun nuna cewa abin da likita ke kira haɗari da abin da mace ke kira haɗari ba ɗaya ba ne. Ita tana lissafa yaran da ta bari da auren da ke tangal-tangal. Wasu iyaye har fargaba suke yi kada takardar haihuwa mai ɗauke da sunan Manitoba ta rage wa 'ya'yansu haƙƙi a ƙasar kakanninsu. Mata suka koma ɓoye ciki, ko su faɗi watan ƙarya a wurin awo, don naƙuda ta riske su a gida. Tsarin da aka kafa don tsaro sai ya kori wasu daga awon ciki gaba ɗaya.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A 1976 wani limamin Katolika mazaunin Igloolik, Robert Lechat, ya fito fili ya ce an ɗaure mahaifar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan garin masu shekara 30 zuwa 50, da yawa ba su fahimci takardar da aka sa su sa wa hannu ba. A Girinlan, ƙarƙashin mulkin Danmak, an sa wa mata da 'yan mata kimanin 4,500 robar hana ɗaukar ciki tsakanin 1966 da 1970, wasu suna 'yan makaranta, ba da sanin iyayensu ba. Firaminista Mette Frederiksen ta nemi gafara a 2025. Majalisar Dattawan Kanada kuwa ta fitar da rahoto a 2022 da ya tabbatar cewa ɗaure mahaifar matan asalin ƙasar ba da yardarsu ba bai tsaya a tarihi ba. Duk wanda yake mamakin abin da ya sa matan Inuit suke son wani nasu ya tsaya kusa da gadon haihuwa, to ya fara daga nan.

1975 zuwa 2008: abin da Puvirnituq ta yi

Ranar 11 ga Nuwamba 1975 aka sa hannu kan yarjejeniyar James Bay da Arewacin Kebek, wadda ta ba Inuit ɗin Nunavik kujeru a hukumomin lafiya da ilimi na yankinsu. Garin Puvirnituq yana cikin waɗanda suka ƙi amincewa da yarjejeniyar, saboda ba su yarda a sarayar da haƙƙin ƙasa ba. Gari ne da aka sani da tsayawa da ƙafarsa, domin tun ƙarshen shekarun 1950 masu sassaƙar dutse suka kafa ƙungiyar gama-kai a can. Da aka tashi gina cibiyar lafiya ta gaɓar Hudson a garin, mata suka dage sai an sa ɗakin haihuwa, kuma sai an koyar da 'ya'yansu aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1986 ɗakin haihuwa na wannan cibiya, mai suna Inuulitsivik, ya buɗe. A lura da shekarar: a lokacin babu lardi ko ɗaya a Kanada da ya halatta aikin ungozoma a dokance. Ontariyo ta fara a 1994, Kebek sai 1999. Wato ƙauyen da babu hanyar mota zuwa gare shi ya riga manyan birane.

Tsarin da suka kafa ya cancanci a tsaya a kansa. Jama'ar gari ne ke da bakin magana wajen zaɓar ɗalibai. Ɗaliba tana koyo ne a bakin aiki, kusa da ungozomar da ta ƙware, kamar yadda kakanninta suka koya, amma tana haɗawa da ilimin zamani: auna jini, tsayar da zubar jini da allura, farfaɗo da jariri, ɗinki, gane alamun jijjiga. Harshen aiki Inuktitut ne. Ungozomomin da aka ɗauko daga kudu, waɗanda ake kira qallunaat, an kawo su ne su koyar, ba su shugabanta har abada ba. Babu ɗakin tiyata a Puvirnituq, kuma Montiriyal tana da nisan fiye da kilomita 1,500, don haka ba a yi wasa da tantancewa ba. Idan ciki ya kai mako 32 zuwa 34, wani kwamiti na ungozomomi da likitoci da nas-nas kan zauna ya duba takardar kowace mace, ya auna lafiyar jikinta da halin gidanta, sannan a yanke shawara da ita kan inda za ta haihu. Wadda ke buƙatar babban asibiti a tura ta tun da wuri. Saura su haihu a ƙasarsu.

Aka buɗe na biyu a Inukjuak a 1998, na uku a Salluit a 2004, daga baya Kuujjuaq ma ta samu nata. Masu cewa ganganci ne sun sami amsa a wani bincike da Vicki Van Wagner da abokan aikinta suka buga a 2012, wanda ya bi naƙuda 1,372 daga 2000 zuwa 2007. Kashi 86 cikin 100 a Nunavik aka yi su. Kashi 97 cikin 100 na matan sun haihu da kansu. Kashi 9 cikin 100 ne suka buƙaci a ɗauki uwa ko jariri da gaggawa, galibi saboda naƙudar bakwaini ko hawan jinin ciki. Jarirai huɗu suka zo babu rai, biyar suka rasu bayan haihuwa, adadin da bai yi nisa da na sauran Kanada ba. A 2008 Kebek ta amince da horon Inuulitsivik, waɗanda suka kammala suka sami cikakken lasisi. Sanaji ta dawo ɗakin haihuwa, kaka ta dawo, miji ya dawo, yara ƙanana suna ganin ƙanensu ranar da aka haife shi.

1993 zuwa 2021: Nunavut, gaba da baya

A ɗaya ɓangaren tekun Hudson abin bai tafi haka ba. An buɗe cibiyar haihuwa a Rankin Inlet a 1993 a matsayin gwaji. Aka kafa yankin Nunavut ranar 1 ga Afrilu 1999, majalisarsa ta yi dokar aikin ungozoma a 2008, Cambridge Bay ta samu cibiyarta a 2010, kwalejin Nunavut Arctic ta yaye 'yan Inuit kaɗan. Amma an gina cibiyoyin ne a ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati, sun dogara da ma'aikatan da ke zuwa daga kudu su koma. A 2020 ungozomomi biyu 'yan Inuit da suka daɗe suna riƙe da Rankin Inlet suka ajiye aiki, suna kukan gajiya da rashin daraja, aka dakatar da karɓar haihuwa a cibiyar. Bambancin a bayyane yake: a Puvirnituq gari ne ya mallaki abin, a Rankin Inlet ma'aikata ce.

Wani gyara ya zo a 2017, lokacin da ministar lafiya Jane Philpott ta sanar cewa gwamnatin tarayya za ta riƙa biyan kuɗin ɗan rakiya ɗaya ga mai cikin da aka tura haihuwa. Kafin nan, a idon doka, naƙuda ba ta kai dalilin da za a biya wa miji ko uwa kujerar jirgi ba. Annobar korona ta ƙara wa tafiyar nauyi, domin mai jego da jaririnta sai sun yi kwana 14 a killace a otal kafin su koma Nunavut. A ƙarshen 2021 ƙarancin ma'aikata ya sa asibitin Yellowknife ya rufe ɗakin haihuwarsa na wasu watanni, aka wuce da mata har Edmonton.

Zuwan dula

A cikin wannan giɓi ne aikin dula ya samu gurbi. Dula ba ungozoma ba ce. Ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Aikinta ta zauna da mace tun ciki har jego, ta tausa mata baya, ta ba ta ruwa, ta fassara mata maganar likita, ta tabbatar an tambaye ta kafin a yi mata komai. A 1980 Marshall Klaus da John Kennell da abokan aikinsu suka buga binciken da suka yi a wani asibitin Gwatamala, wanda ya nuna cewa zaman wata mace kusa da mai naƙuda yana gajarta naƙudar. A 1992 aka kafa ƙungiyar DONA a Amurka don horar da masu wannan aiki. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2017, kan gwaje-gwaje 26 da mata fiye da 15,000, ta nuna raguwar tiyata da raguwar buƙatar maganin zafi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta zaɓi mai zama da ita. Kimiyya ta yi shekara arba'in kafin ta tabbatar da abin da tsohuwar da ke riƙe mai naƙuda ta baya a cikin tanti ta riga ta sani.

Al'ummomin asalin Kanada sun karɓi aikin suka sake masa fasali. A Manitoba an kafa shirin Wiijii'idiwag Ikwewag don matan da ake kwasowa Winnipeg. A Yellowknife akwai ƙungiyar Northern Birthwork Collective da ke horar da 'yan arewa. A nan dula ta zama shaida kuma garkuwa. Shekaru da yawa akwai wani tsari da hukumar kula da yara kan aika wa asibiti gargaɗi a ɓoye game da wata mai ciki, a ƙwace jariri sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, kuma matan asalin ƙasar ne abin ya fi faɗa wa. Rahoton binciken kisa da ɓacewar matan asalin ƙasa na 2019 ya nemi a soke shi, larduna suka bi ɗaya bayan ɗaya, Kebek ta zo ƙarshe a 2023. Macen da ta san wannan tarihi ba ta shiga asibiti da kwanciyar hankali sai da wata tata a gefe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Waɗannan ƙungiyoyi sun kuma faɗaɗa waɗanda suke rakawa. Ba mai haihuwa lafiya kaɗai ba, har da wadda ta yi ɓari, da wadda jaririnta ya zo babu rai, da yarinyar da ta yi ciki tana makaranta, da wadda za ta ba da riƙo da wadda za ta karɓa, al'adar da dokar Yankunan Arewa Maso Yamma ta amince da ita tun 1994, Nunavut ta gada. Suna raka wadda ta zaɓi zubar da ciki, wanda Kotun Ƙoli ta cire daga jerin laifuka a 1988, suna kuma karɓar mutanen da ba sa ɗaukar kansu a jinsin da aka haife su da shi, wasunsu suna kafa hujja da tsohon imanin sipiniq. Mai karatu yana iya saɓa wa dokar Kanada a wasu daga cikin waɗannan, kuma a cikin Inuit ma, waɗanda mafi yawansu Kirista ne, ba a rasa masu saɓawa. Ƙa'idar masu aikin dai ita ce kada a bar kowa shi kaɗai a gadon asibiti, nesa da gida, cikin harshen da ba nasa ba.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. Yawancin horon da Ingilishi ake yinsa, kuma an gina shi kan al'adun wasu ƙabilu, alhali Inuit suna da harshensu da nasu ilimin. Kuɗin aikin tallafi ne na shekara ɗaya ko biyu. Nunavut ce ta fi ko'ina yawan haihuwa a Kanada, kuma mutuwar jarirai a can ta ninka ta ƙasa baki ɗaya kusan sau uku ko fiye, saboda cunkoson gidaje da tsadar abinci da ciwon huhu, abubuwan da dula ba ta da ikon gyarawa.

Ra'ayina shi ne dula tana rage zafin tafiya, amma ba ta hana tafiyar, kuma akwai haɗarin hukuma ta fake da ita ta bar jirgi yana ta jigila. Tun 2010 ƙungiyar likitocin mata ta Kanada da kanta ta fitar da matsaya cewa a mayar da haihuwa garuruwan asalin ƙasa da na karkara. Nunavik mai ƙauyuka 14 tana da ɗakunan haihuwa aƙalla huɗu. Nunavut mai garuruwa 25 tana da asibiti ɗaya, a Iqaluit, kuma mafi yawan matanta har yau jirgi suke hawa idan wata ya kama. Ya kamata gwamnatin tarayya da ta Nunavut su biya dula 'yar Inuit albashi tsayayye don matan da dole su tafi, su kuma miƙa wa garuruwa kuɗi da iko su horar da ungozomominsu da Inuktitut, yadda Puvirnituq take yi tun 1986.